Ƙwaryar da Abarshi Ya Sassaƙa Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa neman hatimi a Birnin Konni ya san teburin Abarshi. Yana nan gabas da tasha, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro da awaki suka cinye wa ɓawo, tebur mai ƙafa uku da rabi, rabin kuwa bulo ne ya cika ta. Shugaban ƙungiyar masu albasa, daraktan lakwal, wato makarantar boko, mai farmasi, har matan unguwa masu son su ga sunan ƙungiyarsu cikin da'ira, kowa wurinsa yake zuwa. Ka faɗa masa abin da kake so, ya ɗauki guntun roba da 'yar wuƙarsa, ya sunkuyar da kai, kafin shayinka ya huce ya miƙo maka. Hatimi kuwa a juye ake yanka shi, don in an danna a takarda ya fito daidai. Shekara talatin da 'yan kai Abarshi yana yanka haruffa a juye, har ta kai in an ba shi biro ya rubuta sunansa sai ya tsaya ya yi tunani ta ina ake farawa. Matarsa Badi'a takan ce ita dai Allah ya haɗa ta da mutumin da komai nasa baibai ne, in ban da hali.

Ba ɗan Konni ba ne. Daga Tsamiyar Bako ya fito, wani ƙauye can cikin karkarar Tajaye, inda gero da wake ne abin magana tun daga shuka har girbi. Ubansa Mamane baran gidan Maigari ne, kamar yadda kakansa ya kasance. Aikin Mamane shi ne ya share zaure, ya shimfiɗa buzu, in Maigari ya tuɓe takalmi ya ɗauke ya kai inuwa, ya jera su baki na kallon waje don mai su ya zura ƙafa kawai ya wuce. Shi ya san wa ke hawa buzu, wa ke zama tabarma, wa ke zama ƙasa, wa kuma ke tsayawa bakin ƙofa ya yi gaisuwa daga can. Shekara arba'in yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya zaunar da mutum inda ba wurinsa ba. Kada ka ce masa wulaƙanci ne, wallahi da sai ransa ya ɓaci da kai. A wurinsa sana'a ce, kuma gidan da yake yi wa ita bai taɓa barin iyalinsa da yunwa ba, ko a shekarun da rumbuna suka bushe.

A bayan wannan uba Abarshi ya tashi, yana tsugune, yana kallon manya daga dugadugansu zuwa sama. Ya san takalmin kowane dattijo kafin ya san fuskarsa. Isiyaku ɗan Maigari sa'ansa ne, tare suke harbin ƙadangaru da satar ɗanyen wake, amma da sun iso ƙofar zaure sai Isiyaku ya shige, Abarshi ya tsaya. Ba wanda ya taɓa ce masa ya tsaya. Ƙafarsa ce ta san haka da kanta.

Yana da shekara wajen ashirin ya tafi cin rani Badagishiri, Allah ya haɗa shi da aikin kuku a gidan wani Bature mutumin Holan, da ya zo aikin haƙa rijiyoyi a fadama. Sunansa ya gagari bakin mutane, sai suka sa masa Mai-Rijiya, shi ma ya amsa. Abin da Abarshi ya sani game da Holan a lokacin bai wuce atamfa ba. To a bangon ɗakin cin abincin Baturen akwai wani tsohon hoto, baƙi da fari, takardar ta yi ja-ja don tsufa. Wani ƙaton mutum ne a kan kujera, tumbi gaba, gashin kansa a nannaɗe har kafaɗa. Gabansa wani siririn bara ya kai gwiwa ɗaya ƙasa yana miƙa masa kofi. Bayan kujera wata baiwar Allah tana tsaye da tulu, idonta a ƙasa. Can bakin ƙofa kuma ga wani manomi ya cire hula ya rungume ta a ƙirji, bai shigo ba. Har kare ma an ba shi wurinsa, kusa da ƙafar maigida.

Ranar da Abarshi ya fara ganinsa, sai da miyar da ya ɗora ta kama. Ya tsaya da ludayi a hannu yana kallo. Ai wannan zauren Maigari ne! Tufafi ne kawai suka bambanta. Ya san mai kujera, ya san na bakin ƙofa, wanda ya kai gwiwa ƙasa kuwa ko tambaya babu.

Mai-Rijiya ya same shi a haka. Da 'yar Hausarsa mai karyayyun ƙafafu ya bayyana masa cewa hoton ya haura shekara ɗari biyu, kuma ba da alƙalami aka zana shi ba. Wani gwani ne a ƙasarsu ya samu farantin jan ƙarfe, ya bi shi da tsinin ƙarfe layi bayan layi, ya shafa tawada, ya ɗora takarda ya danne. Da faranti ɗaya sai a buga ɗaruruwa, masu hali su saya su rataya, yaran gida su tashi suna ganin wa ke zaune wa ke durƙushe.

Abarshi ya matsa ya ƙura ido, sai kuma ya fashe da dariya.

"Maigida, wanga bara da a garinmu yake, da ya sha mari. Dubi, da hagu yake miƙa wa ubangidansa kofi!"

Baturen ya sa tabarau ya duba, shi ma ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce shekara nawa yana kallon hoton bai lura ba. Ya ce tabbas gwanin ya sassaƙa abin kamar yadda idonsa ya gani ne, ya manta cewa bugu yana juya komai, dama ta koma hagu. Abarshi ya girgiza kai yana cewa kai, gwani guda da wannan sakarci! Ka riƙe wannan dariya tasa, za mu dawo gare ta.

Amma akwai abin da ya gani a hoton wanda bai faɗa wa kowa ba. Fuskar mai kujera, layi kaɗan aka ja aka wuce. Baran kuwa, gwanin ya zauna a kansa. Ga jijiyoyin bayan hannu, ga faci a gwiwar wando, ga wata gajiya a gefen ido wadda Abarshi ya sha gani a fuskar Mamane in an tashi daga zaure da la'asar. Wato wancan mutum da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakansa, kuɗin mai kujera ya ci, amma baran ya kalla. Daga ranar Abarshi ya ji yana son wannan aiki, so na gaske.

Mai-Rijiya ya lura. Ya kawo masa robar shimfiɗa mai kauri da 'yan wuƙaƙe uku masu bakin kwalbati, ya nuna masa yadda ake yanka, yadda ake mulka tawada, yadda ake goga bayan takarda da cokali. Da aikin rijiyoyi ya ƙare zai koma gida, ya sauke hoton daga bango ya miƙa masa, ya ce shi ya fi shi ganin abin da ke ciki. Abarshi ya karɓa da hannu biyu. Har yau in ya idar da salla yakan sa Baturen nan a addu'a, bai san ko yana raye ba.

Hoto ba ya ciyar da mutum a Konni, hatimi ne ke ciyarwa, sai ya kama hatimi. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da wasu. Tsohon hoton yana rataye a ɗakinsa, Badi'a tana kiran mutanen ciki "danginka na Holan", tana kakkaɓe musu ƙura ranar Juma'a. Mamane ya rasu, tsohon Maigari ya rasu, aka naɗa Isiyaku. Duk salla Abarshi yakan je gida, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna bakin ƙofar zaure ya ce ranka shi daɗe, abokin satar wakensa ya amsa daga kan buzu. Haka abin yake, ba wanda ya ga aibu.

Sai rigimar burtali ta taso. Burtali ita ce hanyar da aka bar wa shanu tun kakanni, su bi tsakanin gonaki su sauka tafki. Gonaki suka yi ta cin ta kaɗan-kaɗan, wannan ya ƙara kunya biyu, wancan uku, har ta koma saniya biyu ba sa jerawa. Shanu suka faɗa gero. Damina biyu a jere ana fasa kawuna, jandarma suna zuwa suna kwasar samari, matan ruga suka daina kawo nono kasuwa, mutanen da suka sha fura ƙwarya ɗaya suka koma ba sa gaisawa. Da ƙyar dattawa suka shawo kan abin, aka yarda za a sake auna burtali a kafa duwatsu, Maigari Isiyaku da Ardo Cindo, shugaban makiyayan yankin, su dangwala hannu a takarda gaban jama'a kafin ruwan farko.

Wata safiya ta bazara sai ga Sirajo, ƙanen Maigari kuma sakataren kwamitin sulhu, ya faka babur gaban teburin Abarshi. Ya ce tunda yawancin mutane ba sa karatu, an yanke a sa hoto a saman takardar, a liƙa a kowane masallaci da kowace ruga, wanda ya gani ya san an shirya. Kuma Maigari ya ce ba za a kai aikin ko'ina ba alhali ɗan Mamane yana da rai.

Abarshi ya ajiye wuƙarsa. Shekara talatin garinsu bai taɓa neman komai daga hannunsa ba, sai yau.

"Ga yadda muke so," in ji Sirajo. "Maigari bisa kujera. Ardo gabansa a durƙushe, shina miƙa mashi ƙwaryar nono. Kowa ya gani ya san wa ke da ƙasa."

Abarshi ya buɗe baki. Ya san Ardo Cindo. A shekarar yunwa, lokacin yana yaro, rugar su Cindo ce take aiko wa uwarsa nono kullum safe ba a taɓa tambayar komai ba. Ya kuma san wani abu game da zaman Ardo a zaure wanda Sirajo, da aka haifa daga baya, bai sani ba. Amma ƙanen Maigari ne ke magana, shi kuwa ɗan bara ne. Bakin da ya buɗe ya rufe kansa.

"To," ya ce. Kalmar da ubansa ya rayu a kanta ke nan.

Kwana goma ya yi a kan robar nan. Ya rufe tebur, masu neman hatimi suka yi ta zagaya dogon yaro suna komawa. Haruffan ƙasa ya yanka su a juye ba tare da ya ko yi tunani ba, hannu ya saba. Mutanen kuwa daga zuciya ya ɗauko su, ya zana su kamar yadda idonsa yake ganin zaure daga inda yake tsugunawa. Maigari ya ba shi rawani da kujera ya wuce. Ardo kuwa ya zauna a kansa: ƙasusuwan kunci, malfa a rataye a baya, yatsu dogaye a gindin ƙwarya. Da ya buga na farko ya ɗaga, sai da ya ce masha Allah da ƙarfi. Ya buga da yawa, ya ware goma masu kyau, ya naɗe, ya ba direban motar Tajaye ta sassafe ya kai wa Maigari ya gani. Saura kwana uku taro.

Da hantsi yana tsakar gida ya baza sauran suna shan iska, sai Badi'a ta dawo daga kai niƙa. Ta sauke kwano, ta tsaya kan hotunan, ta karkata kai.

"Malam, wanga Ardon ɗan Holan ne shi ma?"

"Kamar yaya?"

"Na ga da hagu yake miƙa nono. Shi ma Maigarin da hagu yake karɓa. Ko haka anka ce ka yi?"

Abarshi ya dubi takarda. Ya dubi hannunsa na dama, ya dubi na hagu, ya sake duban takarda. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ya zauna daɓas a kan turmi. Shi, Abarshi, wanda ya yi wa gwanin Holan dariya har da ce masa sakarai! Shekara talatin yana juya haruffa, ranar da garinsu ya nemi hannunsa sai ya manta ya juya mutane. Kuma ba ƙaramin abu ba ne. A ƙasar nan ko yaro ka miƙa wa abu da hagu sai uwarsa ta harare ka, balle a takardar sulhu, a liƙa a masallaci Ardo yana ba Maigari nono da hannun tsarki. Makiyaya za su ce an mai da su marasa tarbiyya, manoma su ce an raina Maigari, sandunan da aka ajiye a sake ɗauko su. Kuma za a ce ɗan Mamane ne ya yi, Mamanen da bai taɓa kuskure a zaure ba.

"Motar ta yi nisa," ya ce.

"To zama za ka yi bisa turmina har ta dawo?" in ji Badi'a. Ta shiga ɗaki, ta zuba wuƙaƙensa da tawada da takardu da sauran robar da ta rage cikin jaka, ta rataya masa a wuya kamar mai tafiya lakwal. "Tashi ka tahi. Wanda ya ɓata shi ka gyarawa."

Ya samu motar kasuwa zuwa Tajaye, daga can ya hau kabu-kabu. Rana tana dukan ƙeya, shi kuwa addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa ba a kwance ƙunshin ba. Ya isa bayan azahar. Tun daga bakin tsamiya ya hango sanduna uku na makiyaya jingine a bangon zaure. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna bakin ƙofa ya yi sallama.

An kwance. Maigari Isiyaku yana kan buzu, fuska a ɗaure. Sirajo yana gefe yana wasa da makullin babur. Ardo Cindo, tsoho siriri mai farin gemu, yana kan tabarma da mutanensa biyu, hoton yana kan cinyarsa. Ɗaya daga cikin makiyayan har ya fara tattara bakin rigarsa irin na mai shirin tashi.

"Ɗan Mamane," in ji Ardo a hankali, "kai ka yi wanga?"

"Ni na yi, Baffa. Kuma don shi na biyo mota. Ranka shi daɗe, a gafarce ni, na yi kuskuren da ko almajirin sana'a ba ya yi. Bugu shina juya hoto, ni kuwa na manta. Ku duba hannuwan. Duk da hagu anka yi."

Maigari ya jawo nasa ya kai kusa da ido. Ya ɗaga hannunsa na dama ya gwada da na takarda.

"La'ilaha illallahu! Ni ma da hagun nike karɓa!"

Ashe ba wanda ya lura da hannu a cikinsu. Ardo ya duba, ya sake dubawa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa, irin ta tsoho mai haɗe da tari, har malfarsa ta zame. Mutanensa suka kama, Maigari ma ya kasa riƙewa. Wanda ya tattara riga ya sake ta.

Da dariya ta lafa, Ardo ya share ido da bakin rawani.

"Kai hannu ya taso ka tun daga Konni. Ni ban ko kai ga hannu ba, ɗana. Gwiwata nike kallo." Ya ɗora yatsa a kan takarda. "Shekarata saba'in da biyar. In ba a salla ba, wagga gwiwa ba ta taɓa ƙasa gaban mutum ba. Na zo in dangwala hannu don shanu su sha ruwa, yara su bar fasa kawunan juna. Amma in wanga za a liƙa a rugata, jikokina su tashi suna kallo, to a bar burtalin, Allah shi ba mu wata hanya."

Sirajo ya ce ai girmamawa ce kawai, ƙasa dai ta Maigari ce. Maigari ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Sannan ya juyo ga bakin ƙofa.

"Abarshi. Ni ina yaro lokacin, ban kula ba. Kai kuwa kana bayan Mamane kullum. In uban Ardo ya zo wurin babana, ina ubanka ke zaunar da shi?"

Nan ne Abarshi ya ji kunya ta gaske, wadda ta fi ta hannun hagu. Domin ya san amsar tun ranar da Sirajo ya faka babur, ya haɗiye ta ya ce to.

"Buzu biyu yake shimfiɗawa, ranka shi daɗe. Ɗaya na kallon ɗaya. Ya kan ce mai ƙasa da mai shanu, ba a ɗora wani bisa wani. Kuma takalmansu tare yake ɗauka, wuri guda yake ajewa." Ya sunkuyar da kai. "Na sani, ban faɗa ba. Wanga shi ne babban laifina."

Maigari ya daɗe yana kallon tabarmar da Ardo ke kai. Sannan ya ce wa Sirajo ya shiga cikin gida ya ɗauko buzun da ke rataye a ɗakin marigayi. Aka shimfiɗa, Ardo ya koma kai ba tare da kowa ya ce uffan ba.

"Hoto dai ya ɓaci," in ji Maigari, yana tattara takardun. "Hannu ya juya, kowa ya gani, dole a sake. Abin da za a faɗa wa mai tambaya ke nan." Ya dubi Ardo, Ardo ya gyaɗa kai. Ka ga hikimar manya: ba wanda zai ce Maigari ya janye, ba wanda zai ce Ardo ya yi fushi, laifi ya tafi kan roba da tawada. "Ɗan Mamane, kwana biyu gare ka. Wanga karon kada ka tambayi kowa. Kai ka san zaure."

A ƙarƙashin tsamiya ya yi aikin, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwana biyu, a kan wani tsohon ƙyaure da aka ɗora bisa turame. Ya yi buzu biyu, ɗaya na kallon ɗaya. Ya zaunar da dattawan biyu kai da kai, ba wanda ya fi wani tsawo ko da ƙwayar gero. Da ya zo kan ƙwarya sai ya tsaya, ya yi murmushi shi kaɗai. Ya sa ta a tsakiya, Ardo ya tallabe ta da hannu biyu, Maigari ya tallabe ta da hannu biyu. To bugu ya juya yadda ya ga dama! Hannu biyu ba shi da hagu, kuma ba mai iya cewa wa ke bayarwa wa ke karɓa. Bayansu ya ja burtali mai faɗi, shanu na sauka tafki, gero tsaye dama da hauni ba a taɓa shi ba.

Sai wani ɗan fili ya rage a kusurwar ƙasa. Ba wanda ya ce ya sa komai a wurin. Ya ɗauki mafi sirantar wuƙaƙen Mai-Rijiya, ya sassaƙa wani ɗan tsamurmurin mutum a sunkuye, hula ta karkace gefe guda, takalma ƙafa biyu a hannunsa zai kai inuwa. A kansa ya fi daɗewa. Ya yi masa jijiyoyin bayan hannu, ya yi masa facin riga a kafaɗa, ya yi masa gajiyar nan ta gefen ido.

Ranar taro gari ya cika. Manoma, makiyaya, mutanen meri, wato ofishin magajin gari, da suka zo da mota, mata a bayan danga, har masu tallan nono sun dawo da ƙorensu. Aka karanta takarda, dattawa biyu suka dangwala hannu, aka raba hoto yana bin hannaye. Abarshi ya tuɓe takalmi can nesa a tsakiyar rana, inda ya saba, ya tsuguna a bakin taro yana sauraren ko wani zai ce hagu. Ba wanda ya ce. Sai wata tsohuwa daga bayan danga ta ɗaga murya.

"Wayyo, ku duba nan ƙasa! Wallahi Mamane ne! Ga hular tasa!"

Tsofaffi suka yi ta leƙawa suna Allah ya jiƙan Mamane. Maigari ya ɗaga takardar, ya daɗe a kan kusurwar nan, sannan ya kira Abarshi ya ce ya matso.

"Nan ma ya isa, ranka shi daɗe."

"Matso, na ce."

Ardo ya gusa, ya daddaɓa gefen buzunsa. Abarshi ya taso, ya ɗosana a bakin buzun da rabin jiki, kamar wanda aka zaunar a kan ƙwai. Mutum mai shekara hamsin da biyar, ranar ce ya fara ganin taron garinsu daga wannan gefe, kuma wallahi bai ji rabin abin da aka faɗa ba. Can Maigari ya tashi ya zaga ya sabunta alwala ya dawo, aka yi addu'a, aka shafa, jama'a suka watse ana ta musabaha.

Abarshi ya koma inda ya bar takalmansa, bai gan su ba. Ƙasa ta yi zafi, ya yi ta ɗaga ƙafa yana dube-dube, yana cewa a ransa wane ɗan banza ne zai saci silifas da ya sha ɗinki uku. Sai ya ga Sirajo tsaye jikin babur yana kallonsa, ba dariya a fuskarsa.

"Suna can jikin bangon zaure," in ji Sirajo. "Yaya ne ya ɗauke su, da zai tahi alwala. Na miƙa hannu in karɓa, ya ce in bari. Ya ce shekara arba'in gidanku na kai namu inuwa."

Abarshi ya je. Ga su nan a inuwa, kusa da na Maigari da na Ardo, an jera su baki na kallon waje, yadda mai su zai zura ƙafa kawai ya wuce. Ya tsaya a kansu, hawaye na zuba cikin gemunsa, yana cewa Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, Baba da ka gani. Ya gode wa Allah, ya gode wa Badi'a mai ido, ya gode wa Baturen da ya ba shi wuƙa, har da gwanin nan na Holan da ya riga shi yin kuskuren, ya nemi gafararsa a kan dariyar da ya yi masa.

Ya kasa zura ƙafa a ciki. Ya sunkuya ya ɗauke su da hannu biyu, ya rungume, ya taka ƙasa mai zafi har gidan da aka haife shi.